Baba Ya Ce Ya Warke, Ya Ajiye Maganin Zuciyarsa

Assalamu alaikum Anti. Mahaifina ɗan shekara 64 ne, tsohon ma'aikaci, muna zaune a Kano. Shekara biyu ke nan da aka kwantar da shi saboda kumburin ƙafa da haki. Likita ya ce hawan jini ya gajiyar da zuciyarsa, kuma bugunta ba ya tafiya daidai. Aka rubuta masa magani kala biyar. Da ya ji sauƙi sai ya fara zaɓe. Mai sa fitsarin ba ya shansa ranar Juma'a ko in zai fita, wai yana hana shi riƙe alwala. Mai tsinka jinin, wafarin, ya ajiye shi tun bayan babbar sallah, don wani abokinsa a majalisa ya ce masa maganin ɓera ne, ga kuma kuɗin gwajin jini. In aka tambaye shi me ke damunsa, sai ya ce tunani ne ya yi masa yawa a lokacin, yanzu kuwa ya wuce. Makon jiya yana shan shayi sai kofi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, maganarsa ta sarƙe. Kafin a samo mota, kamar minti ashirin, ya dawo garau. Gwaggonmu ta ce iska ce, aka yi masa tofi da hayaƙi, magana ta mutu. Ni hankalina bai kwanta ba. Wannan yana da alaƙa da ciwon zuciyar? Kuma yaya zan yi masa magana bai ga na raina shi ba? Ni ce auta a gidan.

'Yarki daga Kano

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da wannan kulawa.

A kai Baba asibiti yau ko gobe. Kada a tsaya jiran ranar da aka rubuta masa a kati. Abin da kika kwatanta, hannu ya saki, baki ya karkace, harshe ya sarƙe, sannan komai ya koma daidai cikin mintuna, shi ne kamannin ƙaramar shanyewar ɓarin jiki mai wucewa. Jini ne ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, sai Allah ya sa hanyar ta buɗe kafin sashen ya mutu. Likitan da zai duba shi ne zai tabbatar, domin faɗuwar sukari da farfaɗiya ma kan yi kama da haka. Amma ga mai irin ciwon Baba, wanda ya ajiye irin maganin da ya ajiye, wannan za a fara zargi. Kuma haɗarin babbar shanyewar, wadda ba ta sakin mutum, ya fi yawa a kwanaki da makonnin farko bayan ƙaramar. Ku je da duk magungunansa a leda, har waɗanda ya daina sha, ku faɗa wa likita gaskiyar yaushe ya daina. Ina roƙonki kada ki ɗauko wafarin ɗin nan ki mayar masa da kanki kafin a gan shi. Sai an duba ƙwaƙwalwar an tabbatar babu zubar jini, sannan likita ya tsara yadda za a koma.

Kin tambaya ko akwai alaƙa. Akwai, kuma kai tsaye ce. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A wajen mai lafiya na saman sukan matse su tura jini ƙasa, na ƙasan su harba shi zuwa huhu da sauran jiki, bugu bayan bugu a tsare. Da likita ya ce bugun zuciyar Baba ba ya tafiya daidai, har ya haɗa masa da wafarin, galibi abin da ake nufi shi ne ɗakunan saman sun daina matsewa sosai, sai karkarwa suke yi. Jinin da ya kamata ya wuce sai ya riƙa jinkiri a wani ɗan lungu na ɗakin hagu. Kin san kunu in aka bar shi ba a juyawa, gudaji yake yi. Haka jini. In gudan nan ya ɓalle, hanya a buɗe take daga zuciya zuwa jijiyoyin wuya zuwa ƙwaƙwalwa, inda zai je ya toshe wata ƙaramar jijiya. Mai irin wannan rikicewar bugu ya fi wanda ba shi da ita haɗarin shanyewar jiki kusan ninki biyar. Wafarin, in ana shansa daidai, yana rage wannan haɗarin da kusan kashi biyu cikin uku. Wato ƙwayar da Baba ya fi raina ita ce ke tsaye tsakaninsa da abin da ya taɓa shi makon jiya.

Yanzu bari in ɗan tsaya a kan Baban kansa, domin na san a zuciyarki kina ganin taurin kai ne. Ni ban ga haka ba. Ki saurari abin da yake faɗa: tunani ne ya jawo, tunanin ya wuce. In da haka lamarin yake, ai ajiye magani shi ne daidai. Mutum ne mai hankali da ya gina hukunci a kan bayanin da ke hannunsa, bayanin ne ya gaza. Duk rayuwarsa abin da ya sani game da magani shi ne a sha na zazzaɓin cizon sauro kwana uku a miƙe, a sha na taifod a gama. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa wannan ciwon wani iri ne daban, ana riƙe shi ne ba a tumɓuke shi, kuma sauƙin da yake ji aikin ƙwayoyin ne.

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, don ba Baba kaɗai ba ne. Ki je layin masu ciwon zuciya a kowane babban asibiti ki tambayi dattawan da ke zaune da katinsu a hannu, me likita ya ce yana damunku? Da yawa za su ce zuciya ce, shi ke nan. Magungunansu da launi suka san su, fara ƙarama, ja mai tsaga. Ki tambaye su alamun shanyewar jiki, wasu za su ambaci mutuwar hannu da ƙafa, amma kaɗan ne za su haɗa ta da zuciyar da suke jinya, kaɗan ne kuma suka san cewa alamar da ta zo ta wuce ita ma abin gudu asibiti ce. Likita yana da layi har bakin ƙofa, bayanin rabi da Turanci, dattijo kuma ba zai ce wa likitan da yake sa'ar ɗansa bai gane ba. Sai ya ce to likita, na gode, ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su ma san suna da shi ba, kuma kusan ɗaya cikin biyar ne kawai nasu yake a daidaice. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, aka wallafa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo shanyewar jiki a yankinmu. Ciwo ne da ba ya ihu. Mutum na iya yawo da awo sama da 140 bisa 90 shekara da shekaru, ba ciwon kai ba jiri, yana cin jijiyoyinsa da zuciyarsa da ƙodarsa.

Maganar abokin majalisa kuwa, kada ki ce wa Baba ƙarya ce, domin in ya bincika zai tarar akwai ƙamshin gaskiya, daga nan ba zai ƙara yarda da ke ba. An fara sayar da wafarin a Amurka a 1948 a matsayin maganin ɓera. A 1954 aka amince a yi wa mutane magani da shi, a 1955 aka bai wa shugaban Amurka na lokacin, Aizinhawa, bayan ciwon zuciya ya kama shi farat ɗaya. Tun daga nan miliyoyin mutane suke shansa. Sirrin yana cikin awo. In ya yi kaɗan jini zai yi gudaji, in ya yi yawa jini zai ƙi tsayawa. Gwajin jinin nan da ake kira INR, wanda Baba yake ganin ɓarnar kuɗi ne, shi ke nuna inda tsinkewar jinin ta tsaya, kuma ga mafi yawan masu irin ciwonsa ana so lambar ta zauna tsakanin 2 da 3. In kuɗin gwajin ko zirga-zirgar ce ta yi nauyi, ku faɗa wa likita baro-baro. Akwai sababbin magungunan tsinka jini da ba sa buƙatar wannan gwajin a kai a kai, sai dai sun fi tsada, kuma ba kowane mai ciwon zuciya suka dace da shi ba, musamman wanda wata ƙofar zuciyarsa ta tsuke ko aka sa masa ta ƙarfe. Likita ne zai auna. Ku kuma yaran ku zauna ku raba kuɗin maganin wata a tsakaninku, ku saya ku kawo, kada ku bar shi yana lissafin fansho da ƙwaya. Dattijo ya gwammace ya ce ya warke da ya ce wa 'ya'yansa ba shi da kuɗi.

In an mayar da shi kan wafarin, akwai abubuwan da gidan duka ya kamata ya sani. Ganye irin su zogale da alayyafo da rama suna rage wa wafarin ƙarfi. Ba a ce a daina ci ba, abin da ake so shi ne kada a yi mako ba a ci ba sannan a wayi gari ana kwaɗon zogale safe da yamma. Flagyl da Septrin, waɗanda ake miƙa wa mutum a kemis da zarar ya ce cikinsa ya ɓaci, suna ƙara wa wafarin ƙarfi har jini ya ɓalle. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, da haɗin nan da ake ƙulla wa mutane a leda, sun fi kowanne illa a wajensa: suna ɗaga hawan jini, suna tara ruwa a jiki, suna iya sa ciki ya zubar da jini. Jiƙo da garin magani da ba a san abin da ke ciki ba su ma a nuna wa likita tukuna. In aka ga haɓo ya ƙi tsayawa, ko dasashi yana ta jini, ko fitsari ya yi ja, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko ya faɗi ya bugu a kai, asibiti za a nufa.

Batun alwala kada a yi masa dariya, damuwa ce ta gaske ga mutumin da ke son sahun farko. Mai sa fitsarin, in Lasix ne, yakan fara aiki cikin sa'a guda, ƙarfinsa ya lafa bayan kamar sa'a shida. Wanda ya sha bayan sallar asuba, kafin a tafi masallacin Juma'a yawanci ya gama zirga-zirgar. In tafiyar safe ce, a tambayi likita ko zai iya jinkirta shi zuwa dawowa. Sauya lokaci da izinin likita abu ne mai sauƙi. Tsallake shi kuwa shi ke mayar da ruwa ƙafa da huhu. Haka in azumi ya gabato, a je a tattauna tun a Sha'aban.

Umma ma dole ta shigo cikin wannan magana, don tukunya a hannunta take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Mutane sukan rage gishirin gwangwani su bar ɗanɗanon miya dunƙule uku huɗu a tukunya, alhali mafi yawansa gishiri ne. Kanwa ita ma tana ɗauke da sinadarin da ake gudu a gishirin. Ga yajin tsire, ga kilishi, ga taliyar yara mai ƙunshin ɗanɗano. A rage a hankali, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta a miya, cikin 'yan makonni harshe zai saba. Kada a ware wa Baba tukunyar lami shi kaɗai kamar wanda ake horo, gidan duka zai amfana.

Gwaggo kuma, kada ki yi jayayya da ita. Ƙaunar ɗan'uwanta ce ta sa ta yi abin da ta sani. Ba wanda zai hana addu'a, mu duka da ita muka dogara. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma ya umarce mu da neman magani. A yi tofin a cikin mota ana tafiya asibiti. Abin da nake tsoro shi ne sa'o'in da ake ɓatawa a tsakar gida ana hayaƙi ana jiran malam, da ruwan rubutun da ake ɗura wa wanda maƙogwaronsa ya shanye.

To, yaya auta za ta yi wa mahaifinta magana? Kada ki je masa da hukunci, kuma kada ki yi a gaban mutane. Ki zaɓi lokacin da yake cikin nishaɗi, ki durƙusa kamar yadda kika saba, ki ce Baba, abin da ya faru rannan ya tsorata ni, ba na iya barci, don Allah ka taimake ni mu je likita ya duba ka ko hankalina ya kwanta. Uba zai iya ƙin umarni, amma da wuya ya ƙi roƙon 'yarsa da ke cikin tsoro. In kin san akwai wanda ba ya ƙetare maganarsa, babban yayanku, ko amininsa na ƙuruciya, ko limamin unguwa, ki fara zuwa wajensa ki yi masa bayanin nan da na yi miki. Ki tambayi Baba kuma, ki saurara da gaske: shi me ya fahimta game da ciwon, me ke damunsa a magungunan? Wataƙila akwai abin da bai faɗa ba. Wani maganin hawan jinin yana sa busasshen tari, wani yana kumbura ƙafa, wasu kuma suna taɓa abin da namiji ba zai taɓa faɗa wa 'yarsa ba. Saboda haka in kun shiga wajen likita, bayan an gama bayani, ki ba su wuri su ɗan keɓe.

A ɗakin likita ki roƙa a yi bayanin da Hausa, a gaban Baba, a fuskance shi shi ba ke ba. Ki riƙe ɗan littafi. A rubuta sunan ciwon, da sunan kowace ƙwaya, da aikinta, da lokacin shanta. Kafin ku tashi, ki ce Baba, ko za ka maimaita mana yadda ka ji, don in tabbatar na rubuta daidai? Ta haka za a gane inda bayani bai shiga ba, ba tare da an kunyata shi ba. In da hali ku sayi na'urar awon hawan jini ta damtse, ku koya masa ya riƙa aunawa da kansa yana rubutawa. Mutumin da ya yi aikin ofis shekara talatin, in ka ba shi lambobi ya riƙa bi, sau da yawa sai ya fi kowa tsare su. Ke da yayyenki da Umma ku ma ku miƙa hannu a auna ku, hawan jini yana bin gida.

Saura abin da kowa a gidan, har 'yan aiki da jikoki masu wayo, ya kamata ya haddace. In aka ga fuska ta karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta mutu, ko magana ta sarƙe ko ya kasa gane abin da ake faɗa masa, ko gani ya ɗauke farat ɗaya, ko jiri mai kayarwa, ko wani ciwon kai mai tsanani da bai taɓa jin irinsa ba, a duba agogo a riƙe lokacin, a ɗauke shi. Ko da ya dawo daidai a hanya, a ƙarasa. An ƙiyasta cewa a babbar shanyewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ke mutuwa duk minti. Allurar da ke narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin sa'a huɗu da rabi na farko ake yinta, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa tukuna. Don haka a wuce kemis da ƙaramin asibitin unguwa, a nufi babban asibitin da ke da na'urar hoton, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ko ba a samu allurar ba, zuwa da wuri yana ceton rai, don za a kula da numfashi da sukari da hawan jini da haɗiya.

A hanya a kwantar da shi a gefensa, a sassauta masa wuyan riga. Kada a ba shi ruwa, ko zamzam ne, ko abinci, ko ƙwaya, domin zai iya ƙwarewa abin ya gangara huhu. Kada a ba shi asfirin. A binciken nan na SIREN kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewar jiki jijiya ce ta fashe musu a ƙwaƙwalwa ba toshewa ta yi ba, ido kuma ba ya bambance su, asfirin kuwa ƙara zubar zai yi. Saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa a huda yatsu da allura a fitar da jini ba shi da tushe, ɓata lokaci ne kawai.

Ta ɓangaren zuciyar kuma, nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce 'yan mintuna, musamman in yana tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, da zufa mai sanyi da tashin zuciya, kada a ce olsa ce a miƙa masa madara. Masu ciwon sukari da tsofaffi da mata wani lokaci ba sa ma jin ciwon ƙirjin, sai haki da kasala kawai. In kuma kika lura Baba ya ƙara yawan matashin da yake tadawa, ko yana farkawa tsakar dare yana neman iska, ko takalminsa ya matse shi, ko sikeli ya nuna ya ƙara kilo 2 cikin kwana uku, ruwa ne ke taruwa, a nemi likita kafin ya kai ga kwanciya.

Makon jiya minti ashirin suka tafi wajen neman mota, wannan a gyara shi tun yau. Ku san maƙwabci ko mai adaidaita sahun da za a buga wa waya ko ƙarfe biyun dare ne, a rubuta lambarsa a jikin bango kusa da ɗakin Baba. A ajiye katin asibitinsa da littafin magungunan da ɗan kuɗin gaggawa a wuri ɗaya da Umma da ke da wani namiji a gidan kuka sani. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Ki rubuto mini abin da likita ya ce.